Riga-kafi da Yaron da Aka Haifa da Raunin Garkuwar Jiki

Gabatarwa

Hausawa na cewa riga-kafi ya fi magani, kuma da wuya a sami karin maganar da ma'aikatan lafiya suka ci moriyarta kamar wannan. Ita ce a rubuce a bangon asibiti, ita ce a bakin mai sanarwa a rediyo duk lokacin da za a fita ɗiga wa yara maganin shan inna. Maganar kuwa gaskiya ce, domin da riga-kafi aka kawar da agana daga doron ƙasa, aka kuma tabbatar da haka a shekarar 1980. Da shi ne kuma nahiyar Afirka ta kai ga samun shaidar rabuwa da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agusta na 2020. Sai dai akwai wasu 'yan tsirarun yara da aka haifa da garkuwar jiki mai rauni, waɗanda wani nau'i na riga-kafin kan iya zame musu ciwon da ake gudar musu. Ba su da yawa, amma suna nan, kuma a ƙasashe irin namu da dama daga cikinsu sukan rasu ba tare da an gano abin da ya kashe su ba.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana ko su wane ne waɗannan yara, wane riga-kafi ne ya dace da su, wane ne kuma bai dace ba, da dalilin haka. Batun na likitoci ne, amma ɗalibin harshe na yau shi ne mai fassarar gobe a gidan rediyo da hukumomin lafiya, kuma wannan yana cikin batutuwan da kalma guda, in ta kauce daga muhallinta, takan jawo ɓarna.

Mene ne Raunin Garkuwa na Asali?

Abin da muke kira garkuwar jiki ba abu guda ba ne. Runduna ce mai sassa daban-daban, yawancin dakarunta kuwa fararen ƙwayoyin jini ne da ake ƙerawa a cikin ɓargo. Akwai waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita. Akwai waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin B, masu haɗa sinadaran kariya, wato antibodi, waɗanda ke yawo cikin jini suna manne wa abokin gaba. Akwai kuma ƙwayoyin T, waɗanda ke samun horo a wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos. Su ne kwamandoji, su ne kuma ke kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga ta ɓuya a ciki. In babu su, sauran rundunar takan zama tamkar taron da ba shugaba.

Garkuwa takan yi rauni ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda aka fi sani: mutum ya zo duniya da garkuwarsa lafiya lau, daga baya wani abu ya raunana ta, kamar cutar ƙanjamau, ko tamowa, ko magungunan ciwon daji. Ta biyu, wadda ita ce batunmu, ita ce a sami kuskure tun a ƙwayoyin gadon da aka gina mutum da su, ta yadda wani sashe na rundunar bai samu ba sam, ko ya samu amma ba ya aiki. Na zaɓi in kira wannan raunin garkuwa na asali. Ban ce na haihuwa ba, domin wasu nau'o'insa ba sa bayyana sai mutum ya girma, wani ma sai ya yi aure ya haihu. Ban kuma ce na gado ba, domin wani lokaci kuskuren a kan yaron yake farawa, iyayensa ba su ɗauke da shi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba ƙanjamau ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, ba a kuma shafa wa wani.

A shekarar 1952 ne wani likitan soja a Amurka mai suna Ogden Bruton ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 8 da ke ta kwanciya asibiti da cututtuka masu tsanani, sau da yawa iri guda. Da aka auna jininsa sai aka ga kusan babu sinadaran kariya a ciki. Bruton ya riƙa yi masa allurar sinadaran da aka tace daga jinin wasu mutane, ciwon ya lafa. Daga wannan rahoto ake ƙirga farkon ilimin waɗannan cututtuka. Ya zuwa 2022 kwamitin masana na duniya da ke jera su ya lissafa nau'o'i 485, kuma ana ci gaba da gano sababbi. Wasu masu sauƙi ne ƙwarai, har mai su yakan tsufa bai san yana da su ba. Mafi muni a cikinsu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da SCID, inda ƙwayoyin T ba su samu ba, na B kuma ba sa aiki. Jaririn da aka haifa da shi yakan zo kyakkyawa, da ƙibarsa da kukansa, amma in ba a yi masa dashen ɓargo ko makamancinsa ba, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

Riga-kafi Iri Biyu ne

Duk riga-kafi atisaye ne. Ana nuna wa garkuwa kamannin abokin gaba tun bai zo ba, domin ranar da ya zo ta gane shi nan take. Bambancin yana ga abin da ake nuna mata.

A nau'i na farko, ƙwayar cutar matacciya ce, ko wani ɓangare ne kawai aka gutsuro daga jikinta, ko gubarta ce aka kashe wa kaifi. Irin wannan ba ya iya hayayyafa a jiki, don haka ba ya iya haddasa cutar ko da kuwa mutum ba shi da garkuwa ko kaɗan. A wannan rukuni ake samun allurar nan mai haɗe da kariya biyar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, wadda ta ƙunshi mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da ciwon hanta da wata ƙwaya mai jawo sanƙarau. Haka nan allurar ciwon huhu, da ta sanƙarau, da ta shan inna wadda ake yi da allura, da ta kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata a Nijeriya a 2023, da ta zazzaɓin cizon sauro da aka fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024. Alluran korona da aka yi amfani da su a ƙasar nan ma ba masu hayayyafa ba ne.

A nau'i na biyu kuwa, ƙwayar tana da rai, an dai raunana ta ne. Takan shiga jiki ta ɗan hayayyafa, garkuwa ta taso ta murƙushe ta, daga nan kuma ta riƙe kamanninta shekara da shekaru. Wannan ne ya sa irin wannan riga-kafi yake da ƙarfi da daɗewa. A jadawalin Nijeriya, masu rai su ne BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna na baki, da ɗigon gudawar rota da aka shigo da shi a 2022, da allurar ƙyanda, da ta zazzaɓin shawara. Dukkansu an gina su ne bisa zato guda: cewa akwai garkuwar da za ta tare ƙwayar. Kamar a ce an ɗaure wa ɗan dambe hannu aka tura shi ya kara da ɗan koyo. Muddin ɗan koyon yana da hannu, zai yi nasara ya kuma koyi dambe. In kuwa ba shi da hannu fa? Ko ɗaurarren ma sai ya kayar da shi.

Saboda haka tambayoyi biyu ne ake yi game da mai raunin garkuwa, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Ta farko, shin wannan riga-kafi zai cutar da shi? Ta biyu, shin zai amfane shi? Game da marasa rai, amsar ta farko ita ce a'a, amsar ta biyu kuwa ta danganta da irin raunin: wani zai sami cikakkiyar kariya, wani rabi, wani kuma babu. Game da masu rai ne ake taka-tsantsan.

Matsalar BCG

Na fi son in daɗe a kan BCG, domin ita ce ta fi shafarmu. Wasu masana biyu na Faransa, Albert Calmette da Camille Guérin, su suka samar da ita daga ƙwayar tarin fuka ta shanu, bayan sun shafe shekara 13 suna raunana ta, aka kuma fara ba ɗan Adam a 1921. A Nijeriya ana yin ta ne da zarar an haifi jariri, a damtsen hagu, kuma yawancin masu karanta wannan maƙala suna ɗauke da tabonta. Akwai hujja mai ƙarfi ta yin ta da wuri: ƙasarmu tana cikin waɗanda suka fi fama da tarin fuka a duniya, BCG kuwa tana kare ƙananan yara daga nau'o'insa mafi muni, musamman wanda ke kama ƙwaƙwalwa.

Ga jariri mai lafiya, bayan 'yan makonni wurin yakan yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya bushe, ya bar tabo. Wannan ba abin tsoro ba ne, alama ce ta cewa allurar ta kama. Ga jariri mai SCID kuwa, ƙwayar ba ta samun mai tare ta. Ƙurjin sai ya ƙi warkewa, kaluluwa ta kumbura a hammata, daga nan ƙwayar ta bi jini ta kai ga hanta da saifa da huhu da ƙashi. A 2014 an buga wani bincike da ya tattara bayanan yara 349 masu SCID daga ƙasashe 17, waɗanda duk an yi musu BCG. Kashi 51 cikin 100 sun sami matsala daga allurar, kuma a kashi 34 cikin 100 ƙwayar ta bazu ne ko'ina a jiki. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar a watansu na farko sun fi shan wahala a kan waɗanda aka jinkirta wa.

A nan ne gizo ke saƙar. Ana yin allurar ne a ranar da babu wanda zai dubi jariri ya ce ga mai SCID. Wasu ƙasashe sun warware wannan da gwajin ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigen jariri, wanda ke nuna ko jikinsa yana ƙera ƙwayoyin T. Jihar Wisconsin ta Amurka ce ta fara a 2008, ya zuwa ƙarshen 2018 kuma duk jihohin ƙasar 50 sun bi sahu. Daga wannan gwaji aka gano cewa a can kimanin jariri 1 cikin 58,000 ne ke zuwa da cutar. A ƙasashen da auren zumunci ya yawaita, kamar na Gabas ta Tsakiya, adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Wannan gwaji ba ya cikin abin da ake yi wa kowane jariri a asibitocinmu. A ganina, kuskure ne babba wani ya ce saboda haka a daina BCG ko a jinkirta wa kowa, domin yaran da tarin fuka zai kashe sun ninka waɗanda za a tserar sau da yawa. Abin da za a iya yi shi ne a ware jaririn da akwai dalilin zargi a kansa, kuma wannan dalili yawanci yana bakin uwa ne, ba a na'ura ba. Za mu dawo kan wannan.

Ɗigon Shan Inna da Sauransu

Riga-kafin shan inna iri biyu ne: na Jonas Salk, wanda matacce ne ake yi da allura tun 1955, da na Albert Sabin, mai rai da ake ɗigawa a baki. Na bakin ne ya yi mafi yawan aikin kawar da cutar, domin yana da araha, ba ya buƙatar allura, kuma yana kare hanji inda ƙwayar ke zama. Yaro mai lafiya yakan fitar da ƙwayar a kashinsa na 'yan makonni, sannan ta ɓace. Amma yaron da ba ya haɗa sinadaran kariya ba ya iya korar ta. Takan zauna a hanjinsa tana hayayyafa, tana sauya kama sannu a hankali, har ta iya komawa mai shanye ƙafa. Haɗarin shanyewa daga ɗigon, wanda ga sauran yara abu ne da ba kasafai ake gani ba, ga irin wannan yaro yakan ninka sau dubbai.

A 2015 masana a Ingila sun ba da rahoton wani mutum mai raunin garkuwa da aka ɗiga wa maganin yana yaro, wanda aka tabbatar ya shafe shekara 28 yana fitar da ƙwayar. Shi bai shanye ba, amma abin da ke fita daga jikinsa ya riga ya zama mai haɗari ga wanda ba a yi wa riga-kafi ba. Don haka masu yaƙi da shan inna a duniya suke sa ido kan masu raunin garkuwa. Amurka ta daina amfani da ɗigon baki a 2000, Ingila a 2004. Nijeriya ta shigo da na allura cikin jadawalinta a 2015, ana haɗa shi da na baki. Ga yaron da aka tabbatar ko ake zargin yana da raunin garkuwa mai tsanani, na allura kaɗai ya dace. Sabon ɗigon da aka fara amfani da shi a 2021, wanda aka gyara domin ya yi wuyar sauya kama, shi ma dai mai rai ne.

Ɗigon rota kan jawo wa jariri mai SCID gudawar da ba ta tsayawa, shi ya sa tun 2010 hukumomin Amurka suka hana ba su shi. Allurar ƙyanda da ta shawara ana yin su ne a wata na 9, lokacin da yawanci ciwon ya riga ya nuna kansa, kuma ba a yi wa mai matsanancin raunin ƙwayoyin T. Ta shawara tana da tarihi a wannan yanki namu, domin asalin ƙwayar da aka raunana an samo ta ne a 1927 daga jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi, sunan da kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba. Babban da ke da raunin garkuwa, in tafiya ta kama shi zuwa ƙasar da ke neman katin shawara, likita yakan rubuta masa takardar uzuri a maimakon allurar.

Kowane Allazi da Nasa Amanu

Kada mai karatu ya ɗauka duk mai raunin garkuwa hukuncinsa ɗaya. Mai SCID ba a ba shi mai rai ko guda. Mai irin ciwon yaron Bruton, wanda maza yake kamawa, shi ma ana nisanta shi da masu rai, musamman ɗigon shan inna. Amma akwai waɗanda matsalarsu ta tsaya ga ƙwayoyin da ke haɗiye bakteriya. Su BCG ce haɗarinsu, allurar ƙyanda kuwa yawanci ana yi musu. Akwai kuma masu ƙarancin wasu sinadarai na jini da ke taimaka wa garkuwa wajen fasa bakteriya. Waɗannan babu riga-kafin da aka hana su, hasali ma ƙari ake yi musu na sanƙarau da ciwon huhu, domin su ne cututtukan da suka fi kama su. Nau'in da ya fi kowane yawa, wato ƙarancin sinadarin kariya da ake kira IgA, masu shi suna karɓar akasarin alluran, har da ta ƙyanda. Saboda haka kalmar raunin garkuwa ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an san wane sashe ne ya raunana, wannan kuwa aikin likitan yara ne da gwajin jini.

A nan ya kamata a ambaci masu amosanin jini, wato sikila, domin ana yawan rikita su da waɗannan. Saifarsu takan lalace tun suna ƙanana, don haka wasu cututtuka sukan kama su da sauƙi, amma sikila kanta ba ta hana kowane riga-kafi. Sun ma fi sauran yara buƙatarsa.

Wani abin sha'awa shi ne, riga-kafi kansa yakan zama ma'auni. Likita yakan auna jinin mara lafiya, ya yi masa allurar sarƙe-haƙora ko ta ciwon huhu, bayan kamar wata guda ya sake aunawa. In sinadaran kariya ba su ƙaru ba, an kama bakin zaren. Waɗanda aka tabbatar ba sa haɗa sinadaran kuwa, ana ƙara musu na wasu ta jijiya duk mako 3 ko 4, ko ta ƙarƙashin fata duk mako. Da yake daga jinin dubban mutane ake tace su, mai karɓa yakan ci moriyar duk riga-kafin da waɗannan mutane suka yi. Wato dai kariyar aro ce, kuma tana da tsada ƙwarai.

Wabi da Tarihin Gida

Bahaushe yana da suna ga matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya suna ƙanana: mai wabi. Yana kuma da sunayen da yake raɗa wa yaron da ya biyo baya, irin su Ajuji da Ajefas da Barmani. Abokan karatunmu Yarabawa suna da abiku, Ibo kuma ogbanje. Ba ina cewa wabi shi ne raunin garkuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro da sikila da tamowa da gudawa sun fi shi kashe yara nesa ba kusa ba. Amma abin da al'ada ta lura da shi, cewa mutuwa tana bin ɗaki guda, shi ne ainihin abin da likita yake son a gaya masa kafin a yi wa sabon jariri BCG.

Dalili kuwa shi ne yadda gadon ke tafiya. A wasu nau'o'in, uwa da uba kowa yana ɗauke da ƙwayar gadon a ɓoye, lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da ciwon. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da abu guda. A wasu kuwa ta wajen uwa yake bi ya kama 'ya'ya maza, kowane ɗa namiji yana da yiwuwar 1 cikin 2. A irin wannan gida za ka ji an ce mata suna rayuwa, maza ba sa tsayawa, kuma in aka bincika sai a tarar 'yan'uwan uwar maza ma haka suka tafi.

Labarin David Vetter ya nuna amfanin wannan sani. An haife shi a birnin Houston na Amurka a 1971, bayan wansa ya rasu yana jariri da SCID. Saboda an san tarihin, ana haihuwarsa aka sa shi cikin wani tanti na roba da aka tsarkake daga ƙwayoyin cuta, a ciki ya rayu har shekara 12, ya rasu a 1984 bayan dashen ɓargon da ya zo da matsala. Yau ba a tsare yara a tanti. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa cikin jariran da aka yi wa dashe kafin su wuce wata uku da rabi, kashi 94 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Abin da ke rage wannan nasara shi ne a zo dashen yaro yana ɗauke da wata cuta, har da wadda ya samu daga riga-kafi mai rai.

Ban da tarihin gida, akwai alamomin da ya kamata su sa a tsaya a nemi likita kafin a ci gaba da masu rai: farin abu kamar madara da ya manne a harshe ya ƙi tafiya duk da magani, gudawar da ta ƙi tsayawa, yaro ya ƙi ƙiba, ciwon huhu sau biyu a shekara guda, ƙuraje masu zurfi da ke ta dawowa, ko a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta wata biyu ba sauƙi. Haka nan cibiyar da ta wuce wata guda ba ta faɗi ba, alhali yawanci kafin suna ko jim kaɗan bayansa take faɗuwa. Yaron da ba ya haɗa sinadaran kariya kuwa yakan yi lafiya a watanninsa na farko da abin da ya samu daga uwa ta mabiyiya, sai wajen wata na 6 da wannan guzuri ya ƙare ciwo ya fara.

Mutanen Gida

Yaron da ba zai karɓi allurar ƙyanda ba, ko wanda ya karɓa ba ta kama ba, kariyarsa tana jikin waɗanda ke kewaye da shi. Ƙyanda tana da saurin yaɗuwa har sai kimanin kashi 95 cikin 100 na jama'a sun sami kariya kafin ta rasa hanyar bi. Don haka yayyensa da ƙannensa da iyayensa su yi duk alluransu a kan lokaci. Allurar ƙyanda ba ta tsallakawa daga wanda aka yi wa zuwa wani. Togaciya guda ita ce ɗigon shan inna, tunda yana fita a kashi: yaran da ke gida ɗaya da mai matsanancin rauni, na allura ya kamata a yi musu. In an riga an ɗiga, sai a nisanta su da shi na wasu makonni, a kuma tsananta wanke hannu. Jaririn gidan da aka ba ɗigon rota ma, mai raunin kada ya taɓa ƙunzugunsa har wata guda. A gidan gandu mai yara goma sha, da buta ɗaya da kwano ɗaya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Zai fi sauƙi uwa ta riƙe takardar likita a hannu, ta nuna wa masu ɗigo ranar da suka yi sallama a ƙofa.

Yadda Za a Faɗi Maganar

Ba mu manta da 2003 ba, lokacin da jita-jita ta sa aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa, a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mai fassara da ya ce "riga-kafi yana da haɗari ga yara masu rauni" ya buɗe wannan ƙofa da kansa, domin kowace uwa tana ganin ɗanta da rauni in ya yi mura ko ya rame. Alhali mura da ɗan zazzaɓi da rama ba sa hana riga-kafi, yaro mai tamowa ma shi ya fi buƙatar allurar ƙyanda. Haka kuma fassara sunan ciwon da "karyewar garkuwar jiki" kuskure ne, domin wannan lafazi ya riga ya zama na ƙanjamau a kunnen jama'a, kuma zai sa iyaye su ɓoye yaron. Kalmar "mai rai" ita ma tana son a raka ta da bayani, in ba haka ba mai sauraro zai ji kamar cuta ake ɗura wa yara. Zai fi kyau a ce ƙwayar da aka kashe wa ƙarfi, a kuma ambaci sunan riga-kafin da ake nufi, a faɗi irin yaron da ake nufi: wanda 'yan'uwansa suka rasu suna jarirai ba a san dalili ba, ko wanda likita ya tabbatar wa ciwon.

Hanin kuma ba lallai ne ya zama na har abada ba. Yaron da aka yi wa dashen ɓargo ya kama, sabuwar garkuwarsa ba ta san kowa ba, don haka ana sake masa riga-kafi daga farko kamar sabon haihuwa. Ana fara marasa rai bayan wasu watanni, masu rai irin na ƙyanda kuwa sai kimanin shekara 2 bayan dashen, in gwaji ya nuna ƙwayoyin T sun tsaya da ƙafarsu kuma ya daina shan magungunan danne garkuwa.